'Ya'yanka na gida da takardar harajin Amurka

Da zarar Fabrairu ta kama, hirar bayan sallar isha'i a masallatanmu na Bronx a birnin New York takan koma ta haraji: wa aka mayar wa nawa, wane mai cike takardu ne "ya iya aiki". Bana wani bawan Allah ya tare ni da fara'a, wai an ce masa ya sa 'ya'yansa uku da ke Kumasi a fom ɗinsa, tunda shi ke biyan kuɗin makarantarsu da ci da sha. Na ce masa, Alhaji, wanda ya ba ka wannan shawarar kuɗinka yake so.

Ni ma dokar tana ci mini rai. Mutum yana tuƙa tasi dare da rana, rabin guminsa yana tafiya Kano ko Yamai ko Zangon Kumasi, amma a wurin IRS, hukumar harajin Amurka, kamar bai haifi kowa ba. Sai dai haushinmu ba zai goge abin da aka rubuta ba. Kafin ka sa yaro a fom 1040, wato takardar harajin shekara, a matsayin wanda kake ɗauke da nauyinsa, dole ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin Amurka, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Najeriya, Nijar da Gana ba sa ciki. Ko dala dubu kake aikawa kowane wata, rasit ɗin aika kuɗi ba ya mayar da yaro mazaunin Amurka.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne, rashin fasfon Amurka ba shi ke hana yaro shiga ba. Inda yake kwana ake dubawa. Yaron da aka haifa a Zinder, ya zo da girin kad, wato katin zama na dindindin, yana zaune a gidanka fiye da rabin shekara, kana da cikakken haƙƙin sa shi. In bai kai 17 ba kuma yana da lambar soshal (Social Security), akwai rangwamen haraji na yara, wanda ya tashi daga dala 2,000 zuwa 2,200 a harajin 2025. Wanda yake zaune tare da kai amma ba shi da soshal, ana nema masa ITIN, lambar haraji ta marasa soshal, da fom W-7, sai dai shi dala 500 kawai ake rage maka, kuma daga harajin da ake bin ka ake cirewa, ba a tura maka ita a asusu. Tun dokar 2017 aka raba yaran gida biyu haka. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ƙara ɗaure igiyar: yanzu uba ko uwa ma sai da soshal kafin a ba da babban rangwamen. A ganina wannan rashin adalci ne, yara biyu a ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, amma lissafi biyu.

Ina tausaya wa masu ITIN da suka ƙi sa yaransu saboda tsoro, suna asarar halalinsu. Amma waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu aron yara, wato masu sa yaran da ba sa zaune tare da su a fom ɗinsu. Kowa ya san maganar, ba sai na yi dogon bayani ba: ɗan maƙwabci, ɗan ƙanwa, a raba kuɗin biyu. Mai cike takardun da ya ƙi rubuta sunansa da lambarsa ta PTIN, wadda IRS ke ba masu cike takardu, a ƙasan fom ya san abin da yake guje wa. Ranar da wasiƙar IRS ta zo, kai za a nema ka kawo takardar makaranta ko ta asibiti mai nuna yaron a adireshinka yake. In babu, ka mayar da kuɗin da ruwa da tara, kuma ana iya hana ka rangwamen har tsawon shekara 2, in an tabbatar da zamba shekara 10.

Na tambayi Alhajin ko yana da niyyar kawo yaran nan gaba. Ya ce insha Allahu, har ya fara tara kuɗin lauya. Na ce to, ranar da za ka cike musu fom I-130 na neman kawo iyali za ka rubuta cewa a Kumasi suke zaune tun haihuwarsu, takardar harajinka kuma tana cewa a Bronx suke kwana, kuma duka biyun sa hannunka ne a ƙasa. Ya yi shiru, sannan ya ce bari ya kira mai cike masa takardun kafin ya tura.