Tuwo bai yi laifi ba, malmalar ce ta yi girma

Mutanen Faransa ba sa wasa da lissafin abin da za su kai baki. Kowane ƙunshin abinci a kanti da bayaninsa a jiki: kalori nawa, suga nawa, mai nawa a cikin giram 100. Tun 2017 suka ƙara da alamar Nutri-Score, daga A (mafi kyau ga lafiya) zuwa E, don mai saye ya gane ingancin abincin da kallo ɗaya. Masu rage ƙiba kuwa har ɗan sikeli suke ajewa a madafa, ranar Lahadi su dafa abincin mako su rarraba a robobi su jera a firij. Ina zaune a birnin Liyon na Faransa ina ganin haka, kuma ban raina ba, don yana yi musu aiki. Abin da ke damuna shi ne yadda tsarin ke isa Maradi ta waya, ba kai ba gindi. Mace ta ga bidiyo a TikTok, washegari ta ce ta bar tuwo, ta bar fura, daga ƙwai sai kokwamba. Kwana kaɗan jiri ya fara ɗibarta, ta koma ci fiye da na da.

Lissafin kansa ba wuya gare shi ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram ɗaya na sitaci ko suga kalori 4 ne, na furotin (mai gina jiki, irin na nama da wake) ma 4, na mai kuwa 9. Sitaci in ya narke a ciki suga yake komawa cikin jini. Masana kan kira cima mai ƙarancin sitaci idan ba ta kai giram 130 a yini ba, masu tsanantawa, wato ƴan keto, su sauka ƙasa da 50. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci wajen giram 28. Ke nan wanda ya tada faranti mai giram 400 da rana ya kusan cinye rabonsa na yini a zama ɗaya, alhali da safe ya sha shayi da burodi, da la'asar fura na jiransa da suga, da dare ga tuwo, a fada kuma a dafa shayi har na uku.

Za a ce ai iyayenmu da fura da tuwo suka rayu, ba su san ciwon suga ba kamar yau. Sun ci, amma sun yi noma da hannu, sun yi daka, sun ja ruwa a rijiya, sun taka zuwa kasuwa. Yau ɗan kasuwa na zaune a shago daga safe har magariba, in zai motsa sai kabu-kabu, hatsi kuma inji ke niƙawa. Aikin ya ragu, akushi bai ragu ba, sai ma farar shinkafa da taliya da lemun kwalba da suka ƙaru a kai.

Duk da haka ban yarda a kwaso keto a sauke wa mutanen Maradi ba. Nama da kifi kullum ba kowane aljihu ke ɗauka ba, kuma ba za ka ce wa uwar ƴaƴa ta daina ɗora hatsi a wuta ba. Jihar da ta ga yunwar 2005, wadda har yanzu ake fama da tamowa a cikinta, ba wurin tsorata mutane da abinci ba ce. Maganar ragewa ta babba ce mai teɓa ko mai suga. Yara da masu ciki da masu goyo babu ruwansu a ciki.

Abin da ya cancanci ɗauka daga wajen Turawa shi ne rabon faranti: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko wake, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa. Namu a juye yake, tuwo tuli, miya ɗan shafe. Alhali ganyen da ake nema a ƙofar gida yake. Garin zogalen da ake sayarwa nan cikin ƴar roba da tsada, shi ne talla ke yawo da shi a unguwannin Zariya da Mokoyo na Maradi, an kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Ga rama, ga yakuwa, ga tafasa, ga kuɓewa da yalo, ga kabeji da salati na lambunan gulbi da na Jiratawa lokacin sanyi. Ga kifin Madarunfa, ga awara, ga ƙwan zabi da damina, ga nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci ganye da ƴaƴan itace aƙalla giram 400 a yini, kuma a ganina Bamaraɗe ya fi mutumin Liyon samun wannan da arha.

Inda gizo ke saƙa shi ne ci a kwano ɗaya. Wa zai auna loma a tsakiyar mutum biyar? Kuma a wurinmu rage wa babba abinci kusan raini ne. Da aka ce gwaggona tana da suga, na ce mata a waya: "Gwaggo, don Allah a riƙa rage miki malmala." Ta ce: "Ke ƴar nan, so kike a ce ana yi mini rowa a gidan ɗana?" Na gane nufinta sarai. Abin da matar gidan ta yi shi ne ta sayo ƙaramar mara. Da ita ake kwashe wa Gwaggo tuwo, malmala guda kamar kullum a ido, a cika mata kwanon miya, kafin nan kuma an ba ta kwaɗon zogale ta fara da shi. Ba sikeli, ba wanda ya ji kunya. Ni ba zan so mu bar cin taro mu koma irin na nan ba, inda mutum ke cin robarsa shi kaɗai gaban kwamfuta. Awon ne za a mai da shi bakin tukunya. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda Annabi (SAW) ya ce kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Suga da mai su ne ke shigewa ba a sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a yini, in da hali 25. Gwangwanin Coca-Cola guda giram 35 ne. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, a duba nawa ake malalawa a kan shinkafa da wake. Fura a dama ta da nono mai yawa, ba suga, a sha a ƙaramin kwano maimakon a yini ana kurɓa.

Dafa abincin mako a jera a firij ba namu ba ne, ga zafi ga ɗaukewar wuta. Tsarinmu a wajen cefane yake, don haka maigida ma da hannunsa a ciki. A ware kuɗin ganye tun farko, kada ya zama sai abin da ya rage. A shanya zogale da kuɓewa lokacin da suke araha. In an ci shinkafa da rana, kada dare ya zama taliya, kuma kada a haɗa sitaci biyu a kwano ɗaya.

Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin kuwa, kada ya rage sitaci da kansa sai ya je likita an daidaita masa magani. In abinci ya ragu magani bai ragu ba, sugan jini na iya faɗuwa ƙwarai har mutum ya suma.