Ba wasan yara ba ne

Na karanta wani labari inda mai shi ya ce katun irin South Park, shirin talabijin na barkwanci na Amurka, raha ce kawai, ba ruwansa da siyasa. Gaskiya ban yarda ba. A zaɓen Amurka na 2016, masu shirin sun tsara kashin shirin da zai fita ranar 9 ga Nuwamba da zaton Hillary Clinton ce za ta ci. Da Trump ya lashe, cikin dare suka sake tsara shi. Na kalla, kuma ya nuna ruɗanin Amurkawa fiye da sharhin 'yan jarida da yawa. Damuwata ita ce yadda suke mai da 'yan takara duk kanwar ja, wanda zai iya sanyaya wa matasa gwiwar fita zaɓe. Batsar ciki kuma ta yi yawa, ba na barin 'ya'yana su kalla.