Tushen rigimar shugabanci a ikilisiyoyinmu na bishara a Nijar

'Yan'uwa cikin Almasihu, na nan Tawa da na Yamai, duk sa'ad da zaɓen shugabannin ikilisiya ya ƙarato, maganganu iri ɗaya ake ji a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada: wane ya daɗe bisa kujera, wane ba ɗan yankinmu ba ne, kuɗin gini ina suka shiga. Matasa suna ɗauka sabon ciwo ne, alhali tsohon miki ne da ba a wanke shi da kyau ba.

Mishan ta SIM, wato ƙungiyar masu yaɗa bishara ta Sudan Interior Mission, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka soma da saukarsu Legas a 1893, ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924. Daga nan aiki ya kai Tsibiri kusa da Maradi, ya kai Dogon Dutsi, aka buɗe asibitin Galmi a jiharmu a 1950, aka kuma kafa wurin jinyar masu ciwon kuturta a Danja. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da shi iyayenmu suka koyi karatu. A Najeriya 'ya'yan wannan mishan sun zama ECWA, wato Ikilisiyar Bishara ta Afirka ta Yamma, a 1954, mu kuma a farkon shekarun 1960 aka kafa EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar.

A ganina a nan matsalar ta yi saiwa. An miƙa wa 'yan ƙasa bagade da wa'azi, amma asibiti da motoci da hanyar shigowar kuɗi sun daɗe a hannun mishan. Ga kuma zancen ilimi. Mishan ta fi ba da ƙarfi ga makarantar Littafi da Hausa, gwamnati kuwa da Faransanci take aiki. Sai aka tashi da shugabanni iri biyu: fasto na ƙauye wanda ya san tumakinsa ɗaya bayan ɗaya amma ba ya iya karanta takardar hukuma, da ma'aikacin gwamnati na birni wanda alƙalami ke hannunsa. Kowane yana ganin ɗayan ya raina shi. Tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ikilisiyar ta tsage, aka sami EERN da UEEPN (Tarayyar Ikilisiyoyin Bishara na Furotesta na Nijar) da Ikilisiyar Salama. Littafi ɗaya, waƙoƙi ɗaya, bangaskiya ɗaya a manyan al'amura, dangi ɗaya ma sau da yawa. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

EERN tana cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikilisiyoyin gyara ta duniya. Asalin tsarin mulkin waɗannan ikilisiyoyi, tun dokokin da Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya a Turai, ya shirya wa birnin Janiba a 1541, shi ne kada mutum guda ya riƙe ikilisiya shi kaɗai. Fasto yana koyarwa, dattawa suna mulki tare da shi, dikinoni suna kula da kuɗi da mabukata. Tsarin yana da kyau. Wurin aiki da shi muke tuntuɓe, kuma tuntuɓen farko a asusu yake.

Ku dubi ranar Lahadi. An karɓi baiko da zakka, an kai kwando bayan bagade, ma'aji shi kaɗai ya juye bisa tebur, ya ware takardun jika da 'yan dala ashirin-ashirin, ya zuba cikin leda ya tafi gida. Mutumin kirki ne, ba wanda ya ce ya ci. Amma ran da aka ce jika hamsin sun ɓace, ba shi da shaida, mai zarginsa ma ba shi da ita, sai zato ya raba majami'a biyu. Gyaran ba shi da tsada. Mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙidaya nan take, su rubuta a littafi mai lambar shafi, su sa hannu. Kuɗin su shiga banki kafin Laraba. Asusun ya kasance da sunan ikilisiya, masu sa hannu uku, ba a fid da ko dala sai da biyu cikinsu, kuma fasto kada ya zama ɗaya daga ciki, don a kāre mutuncinsa. Duk wata uku a karanta shiga da fita a gaban jama'a da Hausa. Kuɗin taimako daga waje kuwa a buɗe musu asusu dabam, domin haɗa su da baiko shi ke sa a kasa gane bakin zaren. Manzo Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba, sai da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa.

Fili ya fi kuɗi haɗari. Majami'u da yawa an gina su bisa filin da wani dattijo ya bayar da baki, ko wanda aka saya da sunan fasto don a gaggauta. Mai kyautar ya rasu, magada su zo da takarda. Ko a rabu, kowane ɓangare ya ce ginin nasa ne, a wayi gari da kwaɗo biyu a ƙofa ɗaya. Kowane fili a rubuta kyautarsa ko cinikinsa gaban shaidu da mai gari, a bi ta ofishin magajin gari har a sami takardar mallaka da sunan ikilisiya, a ajiye asali a hedikwata, kwafi a majami'a.

Wa'adi kuma a faɗe shi ƙarara: shekara nawa, sau nawa, wa ke da ƙuri'a. Jerin wakilai ya fito wata guda kafin babban taro, kuma mai neman kujera kada ya shiga kwamitin zaɓe. A tanadi abin da tsohon shugaba zai ci bayan ya sauka. Bawan Allah da ya yi shekara talatin yana hidima, ba gida ba fansho, in ya riƙe kujera da hannu biyu, tsoron gobe ne ke damunsa, mu kuwa muna da alhaki a ciki.

Mu tuna kuma a idon hukuma ikilisiya ƙungiya ce, ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984. Sunan da ke rubuce a wurin hukuma shi banki da alƙali suka sani. Don haka da an gama zaɓe, a rubuta rahoton taro, shugaban zama da magatakarda su sa hannu a ranar, a kai wa hukuma sunayen sabbin shugabanni ba tare da jinkiri ba. Tsarin mulkin da ke Faransanci a fassara shi Hausa, babban taro ya amince da fassarar, a buga a ba kowane dattijo da shugabar zumuntar mata da shugaban matasa kwafinsa, a kuma rubuta a shafin farko wanne ne za a bi in fassarar biyu suka saɓa.