Don Na'ura Ta Ci Zinare Sai Mu Rufe Gasar Yara?

Tun da kamfanin OpenAI ya sanar a watan Agustan 2025 cewa ƙirƙirarriyar basirarsa ta samu makin da ya kai na lambar zinare a IOI, gasar rubuta manhaja ta ɗaliban sakandare na duniya, da aka yi a Bolibiya, wasu masu sharhi suka yanke hukunci: wai gasar rubuta manhaja ta ɗalibai ta zama tarihi, a daina ɓata wa yara lokaci. Wannan magana tana ƙona min rai, domin duk wanda ya faɗe ta bai san yadda ake gasar ba.

Ɗauki USACO, gasar rubuta manhaja ta ɗalibai a Amurka. Kyauta ake shiga, ta intanet, yaro na zaune a gida. Kowa daga matakin tagulla yake farawa, in ya yi ƙwazo ya hau azurfa, sai zinare, sai filatinam. Daga na sama ake gayyatar 'yan kaɗan sansanin horo, a tace huɗu kacal su wakilci ƙasar a IOI, gasar duniya da aka fara a Bulgeriya a 1989. Can kuma kwana biyu ake yi, kowace rana awa biyar, tambaya uku.

Inda darasin yake shi ne wajen alƙalanci. Ba malami ke duba aikin ba balle a yi alfarma. Kwamfuta ce ke gwada manhajar yaro da bayanan da aka ɓoye masa, ta kuma ƙayyade wa manhajar 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ta ba da amsa. Amsarsa na iya zama daidai amma ya tashi da ɗan maki kaɗan, saboda hanyar da ya bi tana da nawa. Dole ya koma ya sake tunani, ya gano kuskurensa da kansa, agogo na tafiya. Yaron da ya sha wannan wuya shi ne gobe zai kalli abin da na'ura ta rubuta ya ce nan akwai gyara. Wanda bai sha ba, duk abin da ta miƙo masa haɗiyewa zai yi.

Masu cewa a koya wa yara yi wa na'ura tambaya kawai, raggwanci suke yi wa ado. Zuwan bindiga bai tashi dandalin dambe ba.

Abin takaici, mu a Najeriya da ko zagayen farko bai isa yawancin makarantunmu ba, mu ne muka fi saurin karɓar wannan uzuri. Masar ta karɓi baƙuncin IOI sau biyu, a 2008 da 2024. Afirka ta Kudu ta yi tun 1997. A nan kuwa ɗalibi a Gusau ko Damaturu zai gama sakandare bai taɓa jin sunan gasar ba. Cibiyoyin da ake rubuta JAMB cike suke da kwamfutoci. Gwamnatocin jihohi su yi yarjejeniya da masu su, a buɗe wa yara zagayen farko kyauta, a kuma horar da malaman lissafi su shirya su.