Kusanci da Kainji ba ya sa lantarki ya yi arha

A Yawuri da Birnin Kebbi ana yawan cewa tunda ruwan madatsar Kainji ya shigo har cikin jiharmu, kamata ya yi mu fi kowa samun wuta kuma mu biya kuɗi kaɗan. Maganar tana da dalili, domin garuruwan Yawuri da dama sun tashi saboda madatsar da aka kammala a 1968, amma kasuwar lantarki ba haka take tafiya ba.

Wutar da Kainji ke samarwa tana shiga babban layin ƙasa ne, ta haɗu da ta Jebba da Shiroro da ta tashoshin iskar gas na kudu, waɗanda su ne ke samar da mafi yawan wutar Najeriya. Daga cibiyar kula da layin da ke Osogbo ake tsara yawan abin da kowace tasha za ta tura a kowane lokaci, saboda dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha, in ba haka ba layin ya faɗi. Daga nan ake raba wa kamfanonin rarrabawa kasonsu, ciki har da na Kaduna mai kula da Kebbi da Zamfara da Sakkwato.

Farashi kuwa hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki a ƙasa ce ke tsayar da shi, bisa kuɗin da aka kashe a dukkan tashoshi da layuka, don haka arhar wutar ruwa takan narke cikin tsadar gas. Shi ya sa idan bututun gas ya lalace a yankin Neja Delta, mai injin walda a Argungu zai ga wuta ta ragu ko da Kainji cike take da ruwa.