Ranar da Na Yi Kaboyi a Teburin Mai Shayi

Kun dai san tun da na sayi wayar nan nake zuba finafinan tarihin Amurka, da dare kuma in zo in yi wa majalisa sharhi. Har Farfesa aka fara kira na, ni kuwa ban hana ba. To ranar Asabar muna teburin mai shayi, akwai wani dattijo baƙo a ƙarshen benci, kawun mai kantin gefe, yana jiƙa burodi a shayi. Ko kallo bai ishe ni ba.

Aka taɓo zancen kaboyi, sai na ce ku tsaya in ba ku labarin artabun garin Tombstone na jihar Arizona, 1881, inda Wyatt Earp da 'yan uwansa da Doc Holliday suka kara da 'yan ta'addar kaboyi. Baki bai ishe ni ba, sai da na miƙe. Na ja hula ta rufe ido, na ware ƙafafu. Na laɓe a bayan buhun gawayi, na leƙo, na harba da yatsa, na mirgina na koma bayan benci. Na ce tun hantsi ake ɓarin wuta har la'asar, gawa ko'ina, dawakai na haniniya. Wajen nuna yadda wani ya faɗo daga kan rufi ne gwiwar hannuna ta share kofuna uku har da gwangwanin madara.

Ina durƙushe a ƙasa, yatsana na saitin mai shayi, sai dattijon nan ya ajiye kofi.

"Yaro, ka gama?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ya ce, "Ai ka fi su daɗewa. Faɗan nan kusan daƙiƙa 30 ya ɗauka. Mutum uku suka mutu. Kuma ba wanda ya hau rufi, gab da gab suke tsaye a wani ɗan fili kusa da shagon mai hoto. Shi Holliday ɗin ma likitan haƙori ne."

Wallahi a hankali ya faɗa, bai ko ɗaga murya ba, ya koma kan burodinsa. Ni kuma ina nan a durƙushe, madara na bin hannun rigata. Tashi ya zama aiki: in na tashi da sauri an ga kunya, in na zauna an ga hauka. Sai na yi kamar takalmi nake gyarawa. Silifa ne a ƙafata.

Don in farfaɗo, na karkaɗe wando na ce, "To Baba, ai dai Abraham Lincoln da sa hannu ɗaya ya 'yanta bayin Amurka kaf a 1863." Ya girgiza kai. Ya ce shelar 1 ga Janairun 1863 jihohin da suka yi tawaye a yaƙin basasar Amurka kawai ta shafa. Bayin Galveston a Texas sai 19 ga Yunin 1865 soja suka kai musu labari, na Kentucky kuwa sai da gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ya fara aiki a Disambar 1865, lokacin Lincoln ya yi wata takwas a kabari. Sannan ya tambaye ni ko fim ɗin nawa ya nuna mutumin Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa ke kira Nicholas Said, da ya shiga runduna ta 55 ta sojan jihar Massachusetts a 1863. Na buɗe baki, na rufe. Ashe tsohon malamin tarihi ne, ya yi ritaya. Mai kanti ya sani, ya yi shiru yana kallona ina mirgina.

Amma shi Baba ban riƙe shi ba, girmansa ne. Wanda ya ƙona min rai shi ne mutuminku mai babur ɗin nan da ba ya tashi sai an tura. Dariya ya yi har shayi ya biyo ta hancinsa, yana dukan benci yana "Farfesa daƙiƙa talatin!" Mutumin da ko fim ɗin da aka fassara da Hausa sai an sake fassara masa. Mutumin da ya taɓa rantsewa cewa Chicago a Ingila take. Tun kafin azumi nake bin sa kuɗin mai, duk lokacin da na tuna masa sai ya ce hidima ta yi yawa, amma ranar ya samu kuɗin da ya saya wa Baba ƙarin ƙwai biyu don ya ci gaba da bayani. Har da gyara zama, yana "Haka ne Baba, haka ne," kamar tare suka je Arizona.

Mai shayi ya ce kofi ɗaya ya fashe, shi da madara na kaina. Na ce ya rubuta a lissafin mai babur. Ya ce shafinsa ya cika.