Tiramol da Buscopan a leda ɗaya: haɗin da ke ƙulle hanjin masu daɗaɗɗen ciwon ciki

Gwaggona ta shafe kusan shekara biyu tana fama da ciwon ciki mai murɗawa. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce olsa ce, ita ma ta karɓa a haka. In abin ya motsa, sai a aiki yaro kemis ɗin bakin titi da saƙon da har ya haddace: wai in ji Hajiya a ba da haɗin nan na rannan. Ranar da na kwance ƙullin farar ledar da aka kawo, na ga abu biyu a ciki, ƙananan fararen ƙwayoyi masu santsi da kuma kafso mai launin kore da rawaya. Na farko Buscopan ne, na biyu tiramol.

Na ce, "Gwaggo, yaushe rabonki da zagayawa?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, wannan wace irin tambaya ce?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta sassauta murya ta ce kwana shida ke nan. Cikinta ya yi tauri kamar ganga, leɓenta a bushe, ga butar ruwa a gefen tabarma tana kurɓa a kai a kai. Amma ba ta yarda a taɓa ledar nan ba, domin a cewarta sai ta sha take samun runtsawa.

Abin da nake son faɗa a yau bai da wani lauje cikin naɗi. Ciwon cikin da ya daɗe, wanda ba a gano musabbabinsa ba, bai kamata a riƙa danne shi da haɗin maganin dangin ofiyom irin su tiramol da maganin murɗawar ciki irin su Buscopan ba. Haɗin yana da gurbinsa a asibiti, kuma zan zo kansa. Amma a hannun mai ciwon da ke zaune a gida wata da watanni, gudun gara ne a tadda zago.

Sai mutum ya san yadda hanji yake aiki zai gane dalili. Hanji ba bututu ne kawai da abinci ke gangarawa ta ciki ba. Tsoka ce mai motsi, tana matsewa tana saki dare da rana, tana tura abin da aka ci gaba gaba, kuma tana da jijiyoyinta da ke ba ta umarni. Buscopan, wanda aka fara fitarwa a Jamus a farkon shekarun 1950, aikinsa shi ne tare wannan umarni na matsewa, sai tsokar ta saki, murɗawar ta lafa. Asalin sinadarinsa ɗan uwa ne ga wanda ke cikin zaƙami, wancan tsiro da ake ce wa haukata yaro, sai dai an sauya masa tsari yadda ba ya ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa sosai. Duk da haka halin gidansu yana nan: bushewar baki, saurin bugun zuciya, dishi-dishin ido, wahalar fitsari, da taurin bayan gida.

Su kuwa tiramol, kodin, mofin da allurar fentazosin, suna rage jin ciwo ne ta hanyar kama wasu mazauni a ƙwaƙwalwa da laka. Irin waɗannan mazaunin suna nan jibge a bangon hanji ma. Da maganin ya kama su, tafiyar hanji sai ta yi sanyi, ruwan da ke cikin bayan gida ya tsotse, ya bushe ya yi tauri. Wannan ba sirri ba ne a wurin likitoci. Maganin gudawar nan da ake kira Imodium ɗan wannan dangi ne, da gangan aka yi shi don ya tsayar da hanji. Kuma akwai wani abin lura: jiki yakan saba da jirin da maganin ke sa wa, yakan saba da tashin zuciya, amma da wuya hanji ya saba. Muddin ana sha, ƙullewar tana nan.

To ka haɗa su biyun. Ɗaya ya hana hanji matsewa, ɗaya ya rage masa tafiya. Iska ta taru, bayan gida ya cushe, ciki ya kumbura, kumburin ya haifar da sabon ciwo. Mai ciwo ba shi da hanyar bambance tsohon ciwo da sabo, ciki dai ke ciwo, sai ya sake aika yaro. A wurin tsofaffi abin ya fi muni. Dattijon da ƙwayar mafitsararsa ta fara kumbura, fitsari na iya ƙin fita masa ɗungurungum, sai an kai shi an sa roba cikin dare. Mai hawan jinin ido na wani nau'i, Buscopan na iya tayar masa da shi. A wasu lokuta hanjin kan tsaya cak, wanda wannan kuma maganar kwanciya asibiti ce.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali, kuma shi ne mutane ba su cika sani ba. Idan aka daɗe ana shan dangin ofiyom, a wurin wasu mutane jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo sukan ƙara kaifi maimakon su dushe. Maganin da ake sha don ciwon ciki sai ya koma shi ne ke hura wutar ciwon. Likitoci sun fara bayyana wannan yanayi a rubuce tun 1984, kuma a 2016 ƙwararrun cututtukan ciki suka ba shi gurbi na kansa a cikin ƙa'idojin da ake kira na Roma, bugu na huɗu. Alamarsa a fili take: ana ƙara yawan ƙwaya, ciwo na ƙaruwa, ƙarfin maganin na sauka, ciwo ya taso gadan-gadan, a sha a samu sauƙin awa uku ko huɗu, sannan a koma gidan jiya.

Ranar da kuma mutum ya ce bari ya daina, sai jiki ya yi masa bore. Murɗawar ciki, gudawa, zufa, hamma, yoyon hanci, rashin barci. Wanda bai sani ba zai ce ai ga shi nan, olsar ce ta dawo, ashe maganin ne yake riƙe da ni. Alhali kuwa ba olsa ba ce, jiki ne ke neman abin da ya saba da shi. Gwaggona mace ce mai tsoron Allah, ba ta taɓa neman maye ba, da an ce mata 'yar ƙwaya za ta yi kuka. Amma jikinta ya riga ya kamu ta ƙofar neman lafiya. Idan ana maganar tiramol a ƙasar nan, hankali yakan tafi kan matasa da 'yan ga-ruwa da masu aikin ƙarfi. Ba a cika tuna matan da ke cikin gida ba.

Wata ƙasar ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A Indiya an daɗe ana sayar da wani kafso mai suna Spasmo-Proxyvon, wanda ya haɗa maganin murɗawar ciki da wani ɗan dangin ofiyom da farasitamol a ƙwaya guda. Don ciwon ciki aka yi shi. Amma a jihohin Manifur da Mizoram na arewa maso gabashin ƙasar, ya zama ɗaya daga cikin manyan kayan maye, har matasa na narka shi suna tsira wa kansu a jijiya, suna ƙarewa da gyambo. A 2013 gwamnatin Indiya ta dakatar da sinadarin ofiyom ɗin da ke ciki, sai aka ci gaba da sayar da wani samfurin da tiramol a madadinsa. Mu a nan ba mu ma jira kamfani ya haɗa mana ba, a kan kanta ake haɗawa.

Kuma ba a kan fili fetal wannan ke faruwa ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin ofiyom suka sha ba bisa umarnin likita ba, galibi tiramol. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. NAFDAC ta amince da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma masu 225 ne NDLEA ke ta kamawa a tashoshin jiragen ruwa. Tiramol in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma danne numfashi.

Na san abin da wani ma'aikacin lafiya zai ce: ai mu ma muna haɗawa a asibiti. Gaskiya ne, kuma ban ga laifinsa ba. Mai ciwon dajin da ya toshe masa hanji, wanda tiyata ba za ta yi masa amfani ba, ana ba shi mofin tare da Buscopan, ɗaya ya kashe zafin ciwo, ɗaya ya kwantar da murɗawa ya rage ruwan da ke taruwa a hanji. Wannan rahama ce. Mai sikila in ciwonsa ya tashi, da wanda tsakuwar ƙoda ta maƙale masa, suna buƙatar magani mai ƙarfi nan take, hana su zalunci ne. Har ma ina ganin babban abin takaicin ƙasarmu shi ne tiramol na yawo a kasuwa kamar gyaɗa, amma mai ciwon daji na kwana yana ihu don ba a samu mofin a asibiti ba. Bambancin shi ne, a can an san cutar, an auna adadi, an haɗa da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko, kuma akwai mai dubawa gobe. A ƙullin ledar gwaggona babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wata ɓarnar da haɗin ke yi ita ce ɓata lokaci. Kalmar olsa ta zama buhun da muke zuba kowane ciwon ciki. A cikin buhun akwai olsar gaskiya, wadda mafi yawanta wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke haddasawa. Wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta, aka ba su lambar Nobel a 2005. Ana gane ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da maganin mako biyu. Akwai olsar da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da Feldene ke ci wa mutum tumbi da ita. Akwai tsakuwar matsarmama, akwai tsutsar ciki da atini, akwai tarin fuka da kan sauka a ciki, akwai kuma daji. Wanda ke ganin jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ko yana ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, ko abinci na maƙale masa a ƙirji, duk watan da ya ƙara yana danne ciwon da ƙwaya, cutar yake ba dama.

Akwai kuma masu yawa da za a yi duk gwaje-gwaje a ce ba a ga komai ba, alhali ciwon na nan, ba ƙarya suke yi ba. Hanjinsu ne mai saurin harzuƙa, abin da likitoci ke taƙaitawa da IBS. Su waɗannan, Buscopan shi kaɗai a lokacin da murɗawa ta taso yana cikin abin da ake fara ba su, tare da gyaran cin abinci. Dangin ofiyom kuwa ba sa cikin lissafi. A 2021 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Birtaniya ƙa'idojin jinya, ta ce kada a fara ba da su ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba. A 2023 wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 463 ya nuna ɗan ƙaramin adadi na amitriptyline, tsohon magani mai araha, yana taimaka wa masu irin wannan hanji. Kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis, domin haɗa shi da tiramol ma haɗari ne, yana ƙara yiwuwar jijjiga.

Ba na ɗora laifin duka a kan mai kemis. Shi ne yake buɗe da ƙarfe goman dare, shi ne ke ba da bashi, shi ne ya san sunan kowa a unguwa. Kuɗin kati da na gwaji da na mota zuwa babban asibiti sun fi ƙarfin gidaje da yawa. Amma lasisin ƙananan masu sayar da magani bai ba su izinin sayar da tiramol ba, sai da takardar likita a kantin mai harhaɗa magunguna, kuma aikin hukumar PCN mai sa ido kan masu sayar da magani ne ta tabbatar da haka. Su ma likitoci da ke rubuta shi na kwana biyar, ya kamata su faɗa wa mai ciwo da bakinsu cewa na kwana biyar ne, kada ya mayar da takardar tikitin shekara. Gwamnatocin jihohi kuma, da za su sa gwajin H. pylori a asibitocin ƙananan hukumomi a farashi mai sauƙi, da sun rage wa kemis ciniki mai yawa.

Da ƙyar muka shawo kan Gwaggo ta je asibiti, muka tafi da ledar a hannu don likita ya ga abin da take sha da idonsa. Bai ce ta daina rana ɗaya ba. Ya tsara mata ragewa sannu a hankali cikin makonni, ya fara da warware mata cikin, ya sa aka yi gwajin bayan gida, aka samu ƙwayar cutar nan, ta sha maganin mako biyu. Makon farko na ragewar ya yi mata tsanani, ta yi ta zufa tana cewa, "Ku dai kun ƙi jinina ne." Yanzu ciwon kan ɗan taɓa ta in ta ci yaji da yawa ko ta daɗe ba ta ci abinci ba, amma tana fita unguwa, kuma ta koma cin tuwonta na dare.